Yadda Ake Zagaya Tsoffin Wuraren Bautar Luksor a Kan Keke: Jagora Daga Birnin Kebbi

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa a kan yawon buɗe ido da keke ita ce: mutum yana zaune a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri, ta ina zai fara idan yana son ya fita waje ya zagaya tsoffin wuraren bauta yana tuƙa kansa? Wasu sun ambaci Kambodiya, wasu Indiya. Ni dai Luksor ta ƙasar Masar nake nuna wa mai fita karon farko. Jirgi ɗaya ne daga Kano ko Abuja zuwa Alkahira, abinci na halal ne, masallaci ko'ina, ɗan Larabcin islamiyya yana fitar da mutum kunya, kuma manyan wuraren da za a gani ba su wuce kilomita 10 daga bakin Kogin Nilu ba.

Dabarar gaba ɗaya abu uku ce: a can ake hayar keke, a yammacin kogi ake kwana, da asuba ake fita. Sauran bayanin duk a kansu ya rataya.

Akwai masu tambayar hukuncin shiga irin waɗannan wurare. Malamai sun yi magana a kai: wasu suna kawo ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, wasu suna tunatarwa da hadisin wucewa ta garin Samudawa. Ka zauna da malaminka tun kafin ka kashe ko sisi.

1. Zaɓen wata

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kada ka ce kai ɗan Kebbi ne, ka saba da zafin Afrilu. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin Luksor yakan haura digiri 40, kuma gindin duwatsun da aka sassaƙa kaburburan ba bishiya ko ɗaya. A Disamba da Janairu kuwa yanayin kamar hunturunmu yake: sanyi mai shiga ƙashi da asuba, rana mai daɗi da hantsi. Ruwan sama kusan babu shi.

Gargaɗi: ka duba kalandar Musulunci kafin ka tsayar da rana. Tuƙa keke da azumi a baki cikin hamada wahala ce da babu dalilinta, kuma lokutan buɗe wurare sukan canja a Ramadan. A tsakiyar Sha'aban ana maulidin Abul Hajjaj, titunan gabashin gari sukan cika maƙil. Ƙarshen Disamba kuma Turawa ne ke cika otal-otal, farashi ya hau.

2. Takardu, kuma a jere

Fasfo da farko. Ya kasance yana da aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, a lissafa daga ranar da za ka shiga Masar. Idan sabo za ka yi, ka cike a shafin hukumar shige da fice ka biya a can, sannan ka je ofishinsu a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Daga Satumban 2025 kuɗin mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000.

Na biyu katin rigakafin shawara. Masar tana neman shi daga duk wanda ya fito daga Nijeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi ya makara. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Wanda ya taɓa yi ya nemo katinsa kawai. Kada ka sayi kati a hannun ɗan kamasho a bakin filin jirgi ba tare da allura ba. Ana duba lambar katin a kwamfuta.

Na uku biza. Mai fasfon Nijeriya a gida yake nemanta, ta ofishin jakadancin Masar da ke Abuja. Ka tanadi hotuna, bayanan asusun banki na 'yan watannin baya, takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwanci, da shaidar kama masauki da kujerar jirgi.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne biyan tikitin jirgi wanda ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba. Ka sa wakilin tafiye-tafiye ya riƙe maka kujera a takarda, ka biya bayan ka ga biza a fasfonka da idonka. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi fasfo da kuɗi zai kawo maka biza gida ba tare da ka san inda ya kai ba, ka yi masa godiya ka wuce.

3. Kuɗi da kati

Nan ne 'yan Nijeriya suka fi shan mamaki. Manyan wuraren tarihi na Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Mutum zai tsaya a ƙofar babban haikalin Karnak da fam, wato kuɗin Masar, cike da aljihu, a ce masa ba a karɓa. Katin naira kuma wani bankin ya buɗe shi don amfani a waje, wani ya sa masa iyaka, wani ya rufe. Ka shiga bankinka da ƙafarka ka tambayi iyakar abin da katinka zai iya cirewa a wata. Mafi kwanciyar hankali shi ne asusun dala da katinsa, sannan kati na biyu daga wani banki daban, a ajiye shi a wani aljihun.

Duk da haka kana buƙatar tsabar kuɗi: hayar keke, fito, abinci, ruwa, da ɗan ihsanin da suke kira bakshish. Ka tafi da daloli sababbi marasa yaga ko rubutu, ka canja a banki ko shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasit. Tun bayan faɗuwar kuɗinsu a Maris 2024, dala tana kai-komo a kusa da fam 50. Duk inda ka samu dama ka nemi canji ƙanana, na fam 10 da 20, domin mai shago a Luksor ba ya taɓa samun canji idan baƙo ya miƙa babbar takarda.

Wajen kasafi, jirgi ne zai ci kaso mafi girma, sai masauki, sai tikitin shiga. A ƙarshen 2024 baƙo yana biyan fam 600 a Karnak, 500 a haikalin Luksor, 750 a Kwarin Sarakuna inda kaburburan sarakunansu na dā suke, kuma sukan ƙara kusan duk shekara, don haka ka duba shafin ma'aikatar yawon buɗe ido tasu ana mako guda ka tashi. Ɗalibi mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa rabi yake biya. Hayar keke ta yini guda ba ta kai tikitin Karnak ɗaya ba. Ita ce mafi arha a cikin tafiyar.

4. Motsa ƙafa tun daga gida

Wanda rabonsa da keke tun yana sakandare kada ya bari sai a Masar zai gane gwiwarsa ta tsufa. Wata guda ko fiye kafin tafiya, ka riƙa fita bayan sallar asuba. Ka fara da zagayen unguwa, ka ƙara a hankali har ka iya yin kilomita 20 zuwa 25 ba ka sauka kana haki ba. Mai zama Birnin Kebbi ya bi hanyar Kalgo da sassafe kafin manyan motoci su fito. Ba gudu ake nema ba, zaman sirdi ake koya wa jiki. Ka nemi wurin da yake da ɗan hawa ka riƙa maimaita shi, saboda hanyar Kwarin Sarakuna.

Ka kuma zauna wurin mai facin unguwarku ya nuna maka yadda ake ciro tif, a nemo huda, a goge, a manna faci, da yadda ake mayar da sarƙa idan ta zame. Rabin awa ya isa.

5. Kayan da za a ɗauka

Kada ka ɗauki kekenka. Kuɗin awo, kwali, kwancewa da ɗaurawa, da jigilarsa daga Kebbi zuwa Kano zuwa Alkahira zuwa Luksor, duk don tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 a yini ba, asara ce.

Abin da ya kamata ya fito daga gida shi ne hular kwano, domin masu haya ba kasafai suke da ita ba, ƙaramin famfo da kayan faci, kwaɗo da sarƙar kulle, fitilar da ake ɗaurawa a goshi, tabarau na rana, rawani ko ƙyalle na rufe hanci, rigar sanyi mara nauyi, man kaɗanya don leɓe da dunduniya, gishirin ORS, ƙaramar darduma, da takalmi rufaffe mai taushi, domin a cikin wuraren da ƙafa za ka yi ta yawo a kan tsakuwa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ka sayi mahaɗin caja tun daga nan.

Gargaɗi: babbar riga da dogon hijabi ba sa shiri da sarƙar keke. Namiji ya sa kaftani gajere ko riga da wando, ya ɗaure ƙafar wandon dama. Mace ta sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da hijabin da bai wuce ƙugu ba, ta kuma nemi keke mai murfin sarƙa. Sannan abu biyu kada su kusanci jakarka: tiramadol da jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto. Na farko yana kai mutum kurkuku a Masar, na biyu ƙwacewa ake yi a filin jirgi, wani lokaci da tambayoyi masu tsawo. Duk maganin da kake sha ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita.

6. Daga Kebbi zuwa Luksor

EgyptAir yana tashi daga Kano da Abuja zuwa Alkahira. Yadda za ka isa ɗaya daga cikinsu ya rage naka: jirgin cikin gida daga Birnin Kebbi ko Sakkwato idan aljihu ya yarda, ko mota da rana tsaka bayan ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. Ko ta wace hanya, ka isa ana gobe tashi. Kada ka haɗa tafiyar mota da jirgin waje a rana ɗaya.

Daga Alkahira zuwa Luksor fiye da kilomita 600 ne. Jirgin sama awa ɗaya, jirgin ƙasa wajen awa 10, kuma baƙi farashinsu daban. Idan jirgin ƙasa ka zaɓa, ka karanta tikitinka da kyau ka ga daga wace tasha zai tashi, tsohuwar tashar Ramsis ko sabuwar ta Bashtil. Layin waya kuma a filin jirgin Alkahira ya fi sauƙin saye, da fasfonka. A lokacin sanyi agogonsu yana gaba da namu da awa ɗaya.

Mai son ganin gawar Ramsis na Biyu ya sani ba a Luksor take ba. Tana gidan tarihi na Fustat a Alkahira, inda aka mayar da gawarwakin sarakunan a 2021. Sai ya ware mata rana a kan hanyar dawowa. Ko shi ne Fir'aunan Annabi Musa, masana ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.

7. Masauki: ka tsallaka yamma

Kogin Nilu ya raba Luksor biyu. Gabas ce gari: tashar jirgin ƙasa, kasuwa, manyan otal-otal, hayaniya, da masu keken doki da ba sa barin baƙo ya yi taku goma. Yamma ƙauyuka ne da gonakin rake da ayaba, kuma a nan mafi yawan wuraren suke. Mai keke yamma ce tasa. Akwai ƙananan masaukai da gidajen haya kusa da mashigar fito, da wasu a kusa da Madinat Habu.

Jirgin fito na gwamnati yana tashi daga bakin kogi kusa da haikalin Luksor, 'yan mintuna ne ya tsallaka, kuma ana shiga da keke. Kafin ka kai gare shi masu ƙananan jiragen inji za su tare ka su ce ya daina aiki yau. Bai daina ba. Ka ce "la, shukran", ka bi bayan mutanen gari masu ɗauke da kaya. Kada kuma taswirar waya ta ja ka zuwa gada, tana can wajen kilomita 7 kudu da gari.

Alƙibla a Luksor kudu maso gabas take, ba gabas sak ba yadda muka saba. Ka tambayi mai masauki tun daren farko.

8. Hayar keke

Ka yi wannan da la'asar ɗin ranar da ka isa, keken ya kwana a hannunka. Wanda ya bari sai da safe, shago bai buɗe ba rana ta riga ta fito.

Mai masaukinka ya fi kowa sanin wanda za a je wurinsa, kuma idan ta hannunsa aka bi, ba a cika neman jingina ba. Kekunan irin na gargajiya ne masu nauyi, da yawa ba su da giya. Ba matsala a hanyoyin gona, amma idan akwai mai giya ka ƙara kuɗi ka ɗauke shi.

Kada ka biya sai ka yi wannan binciken a gaban mai shi. Ka matse birkin gaba ka tura, ka matse na baya ka tura. Idan taya ta ci gaba da juyawa, a canja. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana rawa. Ka danna ta da babban yatsa, ka duba ko ta tsattsage a gefe. Ka taka feda baya ka ji ko sarƙa ta yi sako-sako. Ka murɗa sirdi da hannu biyu. Sirdin da yake juyawa a shago zai sauka ƙasa a hanya. A daidaita tsayinsa yadda idan feda tana ƙasa gwiwarka ta kusa miƙewa. Ƙararrawa ta yi ƙara. Kwando ko kariya na da amfani, domin robar ruwa a bayan mutum nauyi ce. Daga nan ka hau ka kai ƙarshen layi ka dawo.

Sai ciniki. Ka yi na kwanakin gaba ɗaya, ba na yini-yini ba, ka tabbatar da fam ake magana ba dala ba, kuma ku yi magana a kan wanda zai biya idan wani abu ya karye. Ka ɗauki hoton keken ta kowane gefe da lambar wayar mai shi.

Gargaɗi: kada ka bar fasfonka jingina. Akwai shingayen 'yan sanda a hanyoyin yamma, kuma suna iya tambayarsa. Ka ba da kwafi, ko ɗan kuɗin ajiya a rubuce.

9. Rana ta farko: hanyar da ba hawa

Ka yi sallar asuba, ka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasarsu, ka ɗauki ruwan roba aƙalla lita 2, ka fita gari na wayewa. Wurare suna buɗewa ƙarfe 6. Hannun dama suke tuƙi kamar mu. A wannan lokacin ne balan-balan masu ɗaukar 'yan kallo suke tashi a saman gonaki. Idan za ka kalla ka tsaya a gefe, kada ka tuƙa kanka a sama.

Daga mashigar fito hanya ce miƙaƙƙiya zuwa yamma. Bayan kamar kilomita 3 za ka ga manyan gumaka biyu a zaune a hannun dama, kowanne wajen mita 18. Na Amenhotep na Uku ne, ana kiransu Memnon, kuma kallonsu kyauta ne. Minti goma ya isa. Gaba kaɗan akwai ofishin tikiti. Ka tsaya ka tambayi waɗanne wurare ne ake sayen tikitinsu a nan, waɗanne a ƙofa, domin babu abin haushi irin ka tuƙa har bakin wuri mai gadi ya mayar da kai.

Daga nan ka karkata hagu zuwa Madinat Habu, haikalin Ramsis na Uku. A ganina shi ne ya fi cancantar safiyarka ta farko, kuma motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa cika shi. Rubutun bangonsa an sassaƙa shi da zurfi ƙwarai, wani ramin tafin hannu zai shige. A farfajiya ta biyu ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin rufi: shuɗi da ja da ruwan ɗorawa suna nan raɗau bayan shekara fiye da 3,000. A jikin bango kuma akwai hoton magatakarda suna ƙirga tarin hannayen abokan gaba da aka sare bayan yaƙi, ɗaya yana jefawa, ɗaya yana rubutawa. Ka ba wurin awa ɗaya da rabi.

Idan da sauran ƙarfi, Dairul Madina tana kusa, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna, gidajensu ƙanana a jere da lungu a tsakiya. Sai Ramesiyum, inda katafaren gunkin Ramsis na Biyu yake kwance a farfashe. Kafin azahar ka kasance a inuwa. Wurare biyu ko uku a yini sun isa. Na huɗu ba ka ganin komai sai duwatsu.

Gargaɗi: lokacin sanyi ne ake saran rake. Taraktoci da amalanken jaki suna fitowa daga gona da lodin da ya fi su faɗi, kuma akwai siraran layukan dogo na jigilar rake da suka ratsa titi. Ka tsallaka su a miƙe, kada a karkace, in ba haka ba tayar gaba ta faɗa ramin ta kayar da kai. Karen ƙauye idan ya biyo ka, ka sauka ka sa keken tsakaninku. Magudanan ban ruwa kuma kada zafi ya sa ka wanke ƙafa a ciki, akwai tsargiya.

10. Rana ta biyu: hawa

Yau ce ranar da atisayen gida zai biya ka. Kwarin Sarakuna yana wajen kilomita 8 daga mashigar fito, kuma kashin ƙarshe, daga mararrabar gidan Howard Carter, Baturen nan mai tonon kayan tarihi, hawa ne a hankali tsakanin duwatsu, babu inuwa, babu mai sayar da ruwa. Ka fara da shi tun da sanyin safiya. Manyan motocin baƙi suna wucewa da gudu, ka manne a gefenka. Idan ƙafa ta gaza ka sauka ka tura, ba wanda ya san ka.

A bakin shiga za ka kulle keke a wurin ajiye motoci. Tikiti ɗaya kabari uku yake ba ka cikin waɗanda suke buɗe a ranar, ana huda shi a ƙofar kowanne. Na Tutankhamun, wanda Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban. Ƙarami ne, gawar tana ciki amma dukiyar tana Alkahira. Na Seti na Ɗaya ya fi kowanne tsada nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin aljihu ya ƙara ɗan kuɗi ya shiga na Ramsis na Biyar da na Shida, rufinsa kaɗai ya biya. Ana ɗaukar hoto da waya, ban da walƙiya. Mai gadi zai iya cewa zo in nuna maka wani abu, ko ya karɓi wayarka ya ɗauka maka. Duk bakshish yake nufi. In ba ka so, ka ƙi tun farko cikin fara'a.

Gangarowa daɗi gare ta, kuma a nan ake faɗuwa. Ka riƙa taɓa birki biyun tare, kaɗan-kaɗan, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai, musamman inda yashi ya hau kwalta.

A hanyar dawowa ka shiga Dairul Bahari, haikalin sarauniya Hatshepsut, hawa uku a jingine da dutse. A hawa na tsakiya ta hannun hagu akwai zanen tafiyar fataucin da ta aika ƙasar Punt: bukkoki a kan dirkoki da tsani, itatuwan turare ana ɗauke da su a kwanduna zuwa jirgi, har da kifayen teku a ƙasan jiragen. Wurin yana fuskantar gabas, rana tana dukansa tun da safe, saboda haka kada ka kai ƙarfe 11 a can. Binciken jaka da yawan jami'an tsaro kada su dame ka. Tun harin 1997 a wannan wurin aka tsaurara. Kada dai ka ɗauki hoton ɗan sanda, shinge ko gada.

11. Rana ta uku: gabas

Ka shiga fiton farko da kekenka, ka bi titin bakin kogi zuwa arewa, kamar kilomita 3, sai Karnak. Ka isa ana buɗewa, domin daga ƙarfe 9 motoci suke sauke jama'a. Kai tsaye ka wuce zauren ginshiƙai: guda 134 ne, na tsakiya 12 sun kai wajen mita 21, kuma mutum biyar ba lalle su zagaye ɗaya da hannuwansu ba. Bayan ka more shi babu kowa sai ka dawo ka bi sauran a tsanake. Idan za ka ɗauki ɗan rakiya mai bayani sau ɗaya tak a tafiyar, a nan ya dace, mai katin shaida a wuya, kuma a gama ciniki kafin ya buɗe baki.

Kusa da tafkin da ke ciki akwai gunkin buzuzu a kan dutse, za ka ga baƙi suna zagaya shi wai don sa'a. Kai kallo ya kawo ka, ka wuce abinka.

Da rana ka huta. Ka ci kushari, haɗin shinkafa da taliya, ko ta'amiyya mai kama da ƙosai, ka sha ruwan rake ko karkade, wanda zoɓo ne. Da la'asar sakaliya ka je haikalin Luksor, shi yana kaiwa dare a buɗe, ana kunna masa fitilu. A ƙofarsa dogon ginshiƙin dutse ɗaya ne a tsaye. Ɗan'uwansa yana tsaye a birnin Faris tun 1836. A cikin ginin, a saman tsoffin bangaye, masallacin Abul Hajjaj yake, ana salla a cikinsa har yau, kuma ta waje ake shigarsa, ta wajen dandali. Ka yi magariba a can. Hanyar gumaka mai tsawon kilomita 2.7 da ta haɗa Karnak da wannan haikali, wadda aka buɗe a 2021, da ƙafa ake binta.

Gargaɗi: tuƙin dare a gabas ba na baƙo ba ne. Wasu direbobi ba sa kunna fitila, ga keken doki, ga babura. Ka kunna fitilar goshinka, ko ka tura keken zuwa mashigar fito, ba nisa.

12. Inda keke ba zai kai ka ba

Za ka ji labarin Dandara a arewa, wajen kilomita 60, da Abidos gaba da ita, da Isna da Idfu a kudu. Suna da kyau, musamman rufin Dandara. Amma tsakanin garuruwa akwai shingayen tsaro, kuma baƙon da ya zo a keke sau da yawa 'yan sanda sukan bi shi da mota, ko su ce ya loda keken a bayan motarsu. Ka bar keke a masauki, ka haɗa kuɗi da wasu ku ɗauki mota ta yini. Wannan ranar ce ma hutun gwiwarka.

13. Mayar da keke

Ka mayar da shi da rana, ana gobe za ka tafi, ba a daren ƙarshe kana sauri ba. Ka kai shi da kanka, a duba a gabanka, ka buɗe hotunan ranar farko idan an nuna maka wata tsohuwar lanƙwasa, ka karɓi ajiyarka da kwafin fasfonka. Idan an yi maka faci a hanya ka faɗa. Kwaɗo da kayan facin da ba za ka koma da su ba ka bar wa yaron shagon.

Ragowar fam ka kashe shi a can ko ka canja a banki da rasit ɗin canjinka na farko, domin samun mai karɓarsa a Birnin Kebbi aiki ne. Kada ka tsinci ko ɓallin tukunya daga wuraren tarihi, kada kuma ka sayi abin da aka ce maka tsoho ne na gaske. Fitar da kayan tarihi babban laifi ne a dokarsu, kuma ana duba jaka a filin jirgi. Idan da asuba jirginka zai tashi, ka tsallaka gabas ka kwana a can, filin jirgin yana wannan ɓangaren.